Gwaninta, Sa'a Ko Yanayi: Yadda Kwadibuwa Ta Tashi Daga Ci 4-0 Ta Ɗauki Kofin Afirka

Ranar Litinin 22 ga Janairun 2024, a filin wasa na Alassane Ouattara da ke Ebimpe a bayan birnin Abijan, Ikwatoriyal Gini ta zuba wa Kwadibuwa ƙwallo huɗu babu ko ɗaya. Ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan biyu ba ce ta yi wa mai masaukin baƙi wannan cin kaca a gaban jama'arta. Emilio Nsue ya ci biyu, Pablo Ganet ya ci ɗaya da bugun tazara, Jannick Buyla ya rufe da ta huɗu. Sau biyu Kwadibuwa na jefa ƙwallo a raga, sau biyu ana sokewa saboda satar gida. Da aka tashi, wasu 'yan wasan kuka suke yi a fili, 'yan kallo kuwa sai ihu da tofin Allah tsine.

Kwana ashirin bayan nan, a wannan fili dai, waɗannan yaran suka doke Najeriya da ci 2-1 suka ɗaga Kofin Afirka.

Har yau in aka ɗauko zancen wannan gasa a gidan kallon ƙwallo ko a teburin mai shayi, mutane gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce rabo ne kawai, rabon kwaɗo kuwa ba ya hawa sama. Wasu su ce a'a, zuciya ce da iya wasa, yaran sun nuna su maza ne. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai akwai abu na uku da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yanayin da aka yi gasar a ciki: dokar da aka shimfiɗa, watan da aka zaɓa, filin da aka buga, da shekarun da aka kwashe ana renon yaran kafin duniya ta san sunansu. Wannan na ukun ya fi damuna, domin shi ne wanda mutane ke ginawa ko rushewa da hannunsu.

Hannun mai tsaron ragar Ghana

Kwadibuwa ta gama wasannin rukuni da maki uku. Ta ci Gini Bisau 2-0 a wasan buɗe gasa, Najeriya ta ci ta 1-0 da fenaritin William Troost-Ekong, sannan ga ci huɗun nan. Ta zura biyu, an zura mata biyar, ta ƙare a matsayi na uku. Da a ce a 2017 aka yi wannan gasa, da magana ta ƙare nan, domin a lokacin ƙasashe 16 ke zuwa, biyu kawai ke fita daga kowane rukuni. Daga 2019 ne hukumar CAF ta mayar da su 24, aka ce a cikin ƙasashe shida da suka zo na uku, huɗu mafiya maki za su wuce zagaye na biyu. Ƙofar da Kwadibuwa ta bi ta tsira, wasu mutane ne suka zauna a ɗakin taro shekaru kafin nan suka buɗe ta, ba tare da sun san wa za ta yi wa rana ba.

Ko da ƙofar, sai da aka jira abin da zai faru a wasannin da ba ta da hannu a ciki. A daren da aka yi mata ci huɗu, Ghana na gaban Mozambik da ci 2-0, duka biyun Jordan Ayew ne ya ci da fenariti, har aka cika minti 90. A cikin mintunan da alƙali ya ƙara, Mozambik ta samu nata fenaritin, Geny Catamo ya ci. Can sai wata ƙwallo ta nufi waje a gefen ragar Ghana. Da an ƙyale ta, bugun gola ne, a ɓata 'yan daƙiƙu, a hura tashi. Mai tsaron raga Richard Ofori ya bi ta, ya yi shakka ko ya kama ko ya bari, sai hannunsa ya shafe ta kafin ta fita. Aka ba da kwana. Aka ɗago ƙwallo, Reinildo Mandava ya sa kai, ta faɗa raga. An tashi 2-2, Ghana ta tsaya a maki biyu.

Da Ghana ta riƙe nasararta, da ta koma ta biyu a rukuninta, Masar ta sauko ta uku da maki uku da bambancin ƙwallaye da ya fi na Kwadibuwa. Da hakan ya ture mai masaukin baƙi waje. Ɗan shafar da hannun mutum ɗaya ya yi wa ƙwallo, a wasan da babu ɗan Kwadibuwa ko ɗaya a ciki, yana cikin abubuwan da suka kai kofin nan Abijan.

Saura wasa ɗaya. Ranar Laraba 24 ga wata, a garin San Pedro, Maroko ta kara da Zambiya. Maroko ta riga ta tsallake, Zambiya kuwa canjaras kawai take nema. Hakim Ziyech ya ci ƙwallo kafin hutun rabin lokaci, Zambiya ta yi ta kai hari bayan an dawo, ba ta farke ba. A titunan Abijan mutane suka fito suna murna da tutar Maroko. A cikin ƙasashe 16 da suka wuce, Kwadibuwa ce ta ƙarshe.

Wanda duk ya ce babu sa'a a nan, bai kalli gasar ba.

A wannan Larabar, tun kafin a san makomarta, hukumar ƙwallon ƙasar ta sallami kocinta, Bafaranshe Jean-Louis Gasset. Ta nemi Faransa ta ara mata Hervé Renard, wanda ya ci mata kofi a 2015, a lokacin yana horar da tawagar matan Faransa. Ba a daidaita ba. Dole aka miƙa ragama ga mataimaki, Emerse Faé, tsohon ɗan wasan tsakiya da ciwon jijiyar jini ya raba da taka leda yana da shekara 28. Bai taɓa jagorantar babbar tawagar ƙasa ba. Ranar da aka ba shi aikin ita ce ranar da ya cika shekara 40 da haihuwa.

Daga nan kuma sai a ga inda sa'a ta tsaya aiki ya ɗauka. Wasan farko na Faé da Senegal ne, mai riƙe da kofi, wadda ta cinye wasanninta uku na rukuni. Ya yi abin da ba kowane sabon koci ke da ƙarfin halin yi ba: ya ajiye Franck Kessié a benci, ya dawo da tsofaffin hannu irin su Jean Michaël Seri da Max Gradel da Serge Aurier. Minti huɗu da farawa Habib Diallo ya ci wa Senegal. Tawagar da aka yi wa ci huɗu mako guda kafin nan, kowa ya zaci za ta watse. Ba ta watse ba. Seri ya riƙe tsakiya yana raba ƙwallo cikin natsuwa, Senegal ta koma baya tana gadin ƙwallo ɗayar da ta samu. A minti na 86 aka ba da fenariti bayan an duba na'urar VAR, saboda mai tsaron raga Édouard Mendy ya kayar da Nicolas Pépé. Kessié, wanda ya shigo daga benci, ya buga ya ci. Aka je bugun fenariti, Moussa Niakhaté na Senegal ya daki turke, Kessié ya sake fitowa ya buga na ƙarshe, aka tashi 5-4.

Wasan Mali a Bouaké ya fi wannan tsanani. Mai tsaron raga Yahia Fofana ya tare fenariti tun da wuri. Kafin hutu aka kori Odilon Kossounou da jan kati, suka koma mutum goma. A minti na 71 Nene Dorgeles na Mali ya ɗaɗa wata ƙwallo daga nesa ta shige. Simon Adingra, wanda rauni ya hana shi fara gasar, ya shigo daga benci ya farke a minti na 90. Aka ƙara rabin sa'a, su goma suna fama da goma sha ɗaya. Ana daf da tafiya fenariti, Seko Fofana ya buga wata ƙwallo daga bakin da'ira cikin cunkoson ƙafafu. Oumar Diakité yana tsaye ya ba raga baya, sai ya sa dunduniya ya karkatar da ita, mai tsaron ragar Mali ya riga ya tafi wani ɓangaren. Murna ta sa yaron ya tuɓe riga, aka ba shi katin gargaɗi na biyu, aka kore shi, bai buga wasan gaba ba.

Ita wannan dunduniya, sa'a ce ko gwaninta? Ƙwallon ta biyo ta inda yake tsaye, wannan ba shirinsa ba ne. Amma sanin abin da za a yi da ita cikin ƙiftawar ido, bayan gajiya ta ci ƙarfin kowa, abu ne da ƙafa ke koya tun mutum yana yaro, bayan ta maimaita shi sau ba adadi a filin atisaye. Da wani ne a wurin, da ƙwallon ta buge shi ta wuce.

A wasan kusa da na ƙarshe suka ci Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo 1-0. Sébastien Haller bai ma sami ƙwallon da kyau ba, ta daki ƙasa ta yi tsalle ta haye kan mai tsaron raga ta shiga.

Ita ma Najeriya ba da iyawa kaɗai ta kai wasan ƙarshe ba, gara mu faɗi gaskiya. Tsaron bayan da kocinta José Peseiro ya shirya ya yi kyau ƙwarai, ƙwallo biyu kacal aka zura mata a wasanni shida. Amma a wasanta da Afirka ta Kudu, Victor Osimhen ya ci ta biyu ana murna, sai VAR ta soke, ta koma baya ta nuna Alhassan Yusuf ya yi ƙeta a ɗaya gefen, aka ba Afirka ta Kudu fenariti ta farke. A mintunan ƙarshe Khuliso Mudau ya samu ƙwallo a gaban raga ya ɗaga ta sama. Da ta shiga, da ba mu je ko'ina ba. Mai tsaron ragarmu Stanley Nwabali ya tare biyu a bugun fenariti, kuma ba a banza ba: a lokacin a can Afirka ta Kudu yake wasa, a ƙungiyar Chippa United, ya san masu bugun. Shi kansa Alhassan, ɗan Kano, ya shiga tawagar ne saboda Wilfred Ndidi ya ji rauni ana gab da tafiya.

Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu, Troost-Ekong ya ci da kai a minti na 38. Daga nan Najeriya ta koma gida ta tsugunna. Adingra ya addabi ɓangaren dama na bayanmu, duk lokacin da ya karɓi ƙwallo sai hankalin mutum ya tashi. Kwanar da ya ɗago Kessié ya sa wa kai a minti na 62. A minti na 81 ya sake wucewa ta gefen hagu ya aiko da ƙwallo, Haller ya ɗaga ƙafa sama a gaban Troost-Ekong ya taɓa ta da bakin takalmi, ta shige. A wannan daren babu batun sa'a. Kwadibuwa ta fi mu wasa, ta fi mu riƙe ƙwallo, ta fi mu kai hari, kuma mutum sama da dubu hamsin na bayanta suna ihu.

Shi Haller, a watan Yulin 2022, makonni kaɗan bayan ya koma Borussia Dortmund, likitoci suka gano yana da ciwon daji a maraina. An yi masa tiyata, ya sha magani mai tsanani, bai dawo fili ba sai Janairun 2023. Gasar kuma da a Yuni da Yulin 2023 za a yi ta, aka ɗage zuwa Janairun 2024 saboda daminar yankin. Ya iso da rauni a idon sawu, bai buga ko wasa ɗaya na rukuni ba. Da an fitar da ƙasarsa ranar Larabar nan, da ya koma Jamus bai taɓa ƙwallo ba.

Bashin da sa'a ta ci

Mai son ya gane rawar da sa'a ke takawa, kada ya dubi gasa ɗaya, ya dubi shekara talatin ko fiye. Kwadibuwa kanta ta isa misali. A 1988, a gasar Maroko, ta yi kunnen doki da Aljeriya a maki da ƙwallaye, aka jefa ƙuri'a, Aljeriya ta wuce, ita ta koma gida ba a ci ta ko wasa ɗaya ba. A 1992 a Dakar ta ci kofinta na farko a kan Ghana da fenariti 11-10.

Sai zamanin su Didier Drogba da Yaya Touré da yayansa Kolo da Didier Zokora, tawagar da da yawa ke ganin ita ce mafi ƙarfi da ƙasar ta taɓa haɗawa. A 2006 suka kai wasan ƙarshe a Alƙahira, aka tashi babu ci, Masar ta ɗauka da fenariti. A 2012 suka buga gasar gaba ɗaya, wasa shida, ba a zura musu ƙwallo ko ɗaya ba, kuma ba su ɗauki kofi ba. Drogba ya ɗaga fenariti sama ana cikin wasa, Zambiya ta ci 8-7 a bugun ƙarshe. A Libreville aka yi wannan wasa, kusa da gaɓar tekun da jirgin tawagar Zambiya ya faɗa ranar 27 ga Afrilun 1993, 'yan wasa 18 suka rasu. Drogba ya yi ritaya daga tawagar ƙasa a 2014 babu kofin Afirka a hannunsa. Shekara na zagayowa, babu shi, suka ci Ghana 9-8, bayan sun ɓarar da bugunsu biyu na farko. Wanda ya fitar da su kunya shi ne Boubacar Barry, mai tsaron ragar da aka ajiye a benci, ya shiga ne kawai don na ɗaya ya ji rauni. Ya tare biyu, sannan ya buga na ƙarshe da kansa.

Tawagar 2012 ta fi ta 2024 nesa ba kusa ba, a ganina. Ɗaya ba a ci ta ba ta rasa kofi, ɗaya an ci ta sau biyu ta ɗauka. Abin da ya haɗa su shi ne ƙasar ta yi ta dawowa bakin ƙofa: wasan ƙarshe huɗu cikin shekara 18. Gasar sili-ɗaya-ƙwale haka take, ƙwallo ɗaya ke raba gardama, ita kuwa ƙwallo ɗaya turke ma na iya hana ta. Mai zuwa sau ɗaya, in ya taki rashin sa'a, shi ke nan. Mai zuwa sau huɗu, da wuya a hana shi duka.

To me ya sa suke ta dawowa? A nan ne zancen ya koma kan abin da mutane suka shuka. A 1994 ƙungiyar ASEC Mimosas ta Abijan, ƙarƙashin shugabanta Roger Ouégnin, ta haɗa kai da Bafaranshe Jean-Marc Guillou suka buɗe makarantar koyon ƙwallo. Ana ɗauko yara ƙanana daga unguwanni, a ba su wurin kwana da abinci da karatu, a fara koya musu wasa babu takalmi don ƙafa ta saba da ƙwallo. A Fabrairun 1999 waɗannan yaran, yawancinsu ba su kai shekara ashirin ba, suka ci Espérance ta Tunisiya 3-1 a gasar Super Cup ta Afirka. Daga wannan gida su Kolo da Yaya da Zokora da Emmanuel Eboué da Salomon Kalou suka fito. Shekara talatin bayan buɗe makarantar, Seri da Kossounou da Ghislain Konan da Diakité mai dunduniya, duk ta ASEC suka biyo. Ga kuma filaye shida da ƙasar ta tanada a garuruwa biyar domin gasar, huɗu daga ciki sababbi fil.

Nijar na da nata labarin da ya haɗa abubuwan nan uku wuri guda. A neman gurbin gasar 2012, Mena, tawagar ƙasar, ta faɗa rukuni ɗaya da Masar mai riƙe da kofi, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Ta cinye wasanninta uku na gida a filin Janar Seyni Kountché da ke Yamai, har da Masar, wadda Moussa Maâzou ya ci 1-0. Wasanninta uku na waje kuwa duk an ci ta. A ranar ƙarshe, cikin Oktoban 2011, ana cin Nijar 3-0 a Masar, Afirka ta Kudu ta ɗauka canjaras da Saliyo ya ishe ta, ta yi ta ɓata lokaci, aka tashi babu ci, 'yan wasanta suka yi ta rawa a fili. Ashe ba su karanta doka da kyau ba. Ƙasashe uku ne suka yi maki tara, kuma dokar ta ce a duba sakamakon da suka samu a tsakaninsu, ba yawan ƙwallaye ba. Nijar ce a sama. Haka ta je Kofin Afirka karo na farko a tarihinta, kocinta Harouna Doula kuma CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011.

Kuskuren wasu ya taimaka, babu musu. Amma maki taran nan a Yamai aka tara su, cikin zafin rana da ihun mutanen gida. Shi ya sa abin ke da ciwo ganin a 'yan shekarun nan Mena na karɓar baƙuncin wasanninta na gida a ƙasashen waje, musamman Maroko, saboda filinta bai cika sharuɗɗan CAF ba. An raba ta da makamin da ya kai ta gasar 2012, kuma ba abokin hamayya ne ya ƙwace shi ba.

Namu gidan

Najeriya ta fi kowa sanin yadda yanayi ke cinye gwaninta. A 1994 ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya, FIFA ta sa ta ta biyar a duniya. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995, dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela, aka hana tawagar zuwa kare kofinta a Afirka ta Kudu a 1996. CAF ta hukunta ta da hana ta shiga ta 1998. Gasa biyu suka wuce 'yan wasa mafi ƙarfi da ƙasar ta taɓa samu suna zaune. A wannan shekarar ta 1996 suka je Atlanta suka ci Brazil 4-3, suka ci Ajantina 3-2, suka ɗauko zinaren Olamfik. Da aka dawo da su a 2000, suka kai wasan ƙarshe da Kamaru a Legas. A bugun fenariti ƙwallon Victor Ikpeba ta daki turken sama ta sauka bayan layi, alƙali ya ce ba ta shiga ba, babu na'urar dubawa a lokacin. Mutane sun fi tuna wannan rashin sa'a, amma asarar 1996 da 1998 ta fi ta girma, kuma da alƙalami aka yi ta.

A tawagar Atlanta akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, duk Kaduna ce ta rene su. Ba ruwan garin ne ya bambanta ba. A lokacin akwai filayen unguwa da na makarantu, akwai gasar yara, akwai ƙungiyoyi irin su Ranchers Bees da ke ɗauko yaro daga layi su kai shi inda za a gan shi. Yau duk wanda ya zaga biranen Arewa ya san inda filaye da yawa suka tafi: an yanka su fuloti, an gina shaguna. Yaran na nan, da yamma za ka gan su a kan kwalta ko a kangon da ba a gina ba, sun kafa duwatsu biyu a madadin raga, mai mota na tafe su ɗauke ƙwallo, ya wuce su ci gaba. A cikinsu akwai masu ƙafar da ba ta gaza ta kowa ba. Kano ta karɓi wasannin Kofin Afirka a 2000, Kaduna ta karɓi Masar a 2016, amma a 'yan shekarun nan kusan duk wasan gida na Super Eagles a Uyo ake yi. El-Kanemi Warriors ta yi shekaru tana buga wasannin gida a wajen Maiduguri saboda rikicin Boko Haram. A Maris ɗin 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanya, lokacin tana riƙe da kofin ƙasa karo na uku a jere, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Yaron da ya taso cikin wannan hali, kafin a zo maganar ko ƙwallonsa za ta daki turke, sai ya fara samun filin da ke da turken.

Dubi kuma tawagar da ta kai mu wasan ƙarshe a Abijan. Ademola Lookman da Ola Aina da Semi Ajayi da Alex Iwobi da Calvin Bassey a Ingila suka koyi ƙwallo, Troost-Ekong a Holan aka haife shi. 'Yan ƙasa ne, sun kuma yi mata hidima da zuciya ɗaya, amma wasu ne suka yi wahalar renonsu. Ita ma Kwadibuwa tana da irinsu, su Haller da Seko Fofana da Evan Ndicka da aka haifa a Faransa. Bambancin shi ne tana da rijiyar gida da ba ta ƙafe ba.

Ga kuma neman gurbin Kofin Duniya na 2026, wanda aka fara tun kafin Abijan. Najeriya ta yi canjaras da Lesotho a gida, ta yi da Afirka ta Kudu a gida, ta yi da Zimbabwe a gida, Benin kuma ta ci ta 2-1. Koci uku suka ja ragamar wasannin: Peseiro, Finidi George, sai Eric Chelle, mutumin da ke jagorantar Mali a daren dunduniyar Diakité. Da ƙyar aka samu shiga wasannin cike gurbi a Maroko cikin Nuwamban 2025. Ana saura kwana biyu a kara da Gabon, 'yan wasa suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda kuɗaɗen alawus da suke bi. Sun ci Gabon, sannan ranar 16 ga wata suka tashi 1-1 da Kongo, aka je fenariti, Kongo ta ci 4-3.

Washegari zancen da ya cika gari shi ne na rashin sa'a, har da zargin tsafi da kocin ya yi wa wani jami'in Kongo. Fenariti kam kowa na iya faɗuwa a kansa, Drogba ma ya faɗi. Amma ƙasar da ke da Osimhen da Lookman, gwarazan Afirka na 2023 da 2024, ba ta da dalilin barin makomarta ta rataya a kan bugu biyar. Maki shidan da aka zubar a Uyo, da sauya koci ana tsakiyar tafiya, da haƙƙin yara da aka riƙe har ranar wasa ta ƙarato, babu ɗaya a ciki da ya faɗo daga sama. Mutane ne suka yi, suna da sunaye da ofisoshi, kuma su ya kamata a tambaya dalilin da Najeriya ta rasa Kofin Duniya sau biyu a jere.